Littafi a Cikin Goron Sallah: Yadda Ake Zaɓe a Kwadon da Birnin Gombe

A kwanaki goman ƙarshe na watan azumi, garin Kwadon, wanda ke gabas da birnin Gombe a kan hanyar da ta nufi Dadin Kowa da Biu, cikin Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, yakan shiga hidimar da ba ta barin kowa ya zauna. Teloli na kwana a bakin keke, masu yadi da takalma da huluna na baje kaya har gefen titi, mata kuma na lissafin fulawa da mai da sukarin da za su isa cincin ɗin baƙi, yayin da manoman tumatir da albasa da tattasai, waɗanda garin ya yi suna da su, ke fitar da abin da ya samu domin a yi wa iyali ɗinki.

A cikin wannan lissafi akwai wani kaso da ake warewa domin goron Sallah, wato kyautar da babba ke bai wa ƙarami, ko mai hali ke bai wa ɗan'uwa da maƙwabci, idan an zo gaisuwar barka da Sallah. Mafi yawa kuɗi ne, sababbin takardu idan an samu, sai kuma turmin atamfa ga iyaye mata, da shadda ko turare ga iyaye maza, da naman layya idan Babbar Sallah ce.

Littafi ba ya cikin wannan jeri a yawancin gidaje. Duk da haka ana samun 'yan tsiraru, galibi malaman makaranta da ma'aikata da ɗaliban manyan makarantun Gombe, waɗanda suka fara haɗawa da shi, musamman ga 'ya'yan 'yan'uwa, saboda damuwar da ta game gari cewa yara na tasowa da waya a hannu alhali karatunsu bai nuna ba. Niyyar tana da kyau, sai dai sau da yawa littafin kan ƙare a saman durowa ba a buɗe shi ba, kuma dalilin hakan yana komawa ne ga yadda aka zaɓe shi tun a shago.

Al'adar da ta riga boko

Bayar da littafi kyauta ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Masarautar Gombe kanta malami ne ya kafa ta, wato Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, kuma a tsakanin malaman wancan zamani, lokacin da kowane littafi sai an kwafe shi da hannu, babu kyautar da ta kai a miƙa wa almajiri kwafin da aka yi watanni ana rubutawa.

Burbushin wannan al'ada yana nan har yau, ko da yake ba a lissafa shi da sunan kyautar littafi. Yaron da ya yi saukar Alƙur'ani akan ba shi sabon mus'hafi, a gidaje da dama ana sanya Alƙur'ani da sallaya a saman akwatin lefe, alhazai na dawowa da shi cikin tsaraba, masu neman lada kuma na sayen kwafi da yawa su ajiye a masallaci a matsayin wakafi, wato dukiyar da aka tsayar domin amfanin jama'a ba tare da an sayar ko an gada ba. A makarantun boko ma, ranar rabon kyaututtuka ta ƙarshen shekara ta daɗe tana tafiya da littafi ga ɗalibin da ya yi zarra.

Abin da bai kafu ba shi ne haɗa littafi da ranar biki kanta. A ƙasar Aisland, a arewacin Turai, wannan haɗi ya zama al'adar ƙasa tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kayan waje suka yi wuya amma takarda ba ta yi ba, har masu buga littattafai suka fara fitar da kundin sunayen sababbin littattafai duk shekara tun 1944, mutane kuma na musayar su a daren jajiberin Kirsimeti. Darasin da ke ciki ga Gombe shi ne al'adar ta samu ne saboda littafi ya fi sauran kaya sauƙin samu a can, yanayin da ya saɓa wa abin da ake ciki a nan.

Tsada da tsammanin mai karɓa

Kusan duk takardar da ake buga littafi da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, domin masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Saboda haka, da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a hannun kasuwa a watan da ya biyo baya, farashin bugu da na dakon kaya daga Kano da Legas suka tashi tare, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Magidancin da ke fama da kuɗin shinkafa da ɗinkin yara ba za a ga laifinsa ba idan bai tuna da shagon littattafai ba.

Akwai kuma tsammanin mai karɓa, wanda masu son yaɗa karatu kan yi saurin mantawa da shi. Yaron da ya sha kwalliya ya fita yawon Sallah ya riga ya tsara abin da zai saya da kuɗin da zai tara, kuma idan kawunsa ya miƙa masa littafi a madadin kuɗin, yakan ɗauke shi a matsayin an hana shi haƙƙinsa ne da dabara. Iyaye da dama suna da irin wannan ra'ayi game da kansu, domin matar da ke jiran atamfa daga ɗan'uwanta ba za ta lissafa littafi a matsayin an fita kunyarta ba. Hanyar da ta fi dacewa da al'adar wurin ita ce littafi ya zo a kan goron Sallah, ko da kuɗin ya ragu kaɗan, domin kada karatu ya shiga zuciyar yaro ta ƙofar rashi.

Harshe da irin rubutu

Tambayar farko da ta kamata mai saye ya amsa ita ce da wane harshe, kuma da wane irin rubutu, mutumin yake karatu cikin sauƙi. A Kwadon da kewayenta wannan tambaya tana da nauyi fiye da yadda take da shi a Kano ko Katsina, domin yanki ne na Terawa da Fulani da Hausawa da sauran ƙabilu, inda mutum guda zai iya yin Teranci ko Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, Larabci kuma a makarantar allo ko Islamiyya. Harshen da mutum ya fi iya magana da shi ba lallai ne ya zama wanda ya fi iya karantawa ba, kuma tun da littattafan Teranci da aka buga kaɗan ne ƙwarai, Hausa ce kan zama mahaɗa ga mafi yawan masu karatun nishaɗi.

Ko a cikin Hausar akwai rabuwa tsakanin boko, wato rubutu da haruffan Latin, da ajami, wato rubuta Hausa da haruffan Larabci. Dattijon da ya yi karatun zaure yana iya karanta waƙoƙin wa'azi na ajami ba tare da tuntuɓe ba, amma littafin boko mai ƙananan haruffa ya zame masa aiki, yayin da jikansa ɗan sakandare yake akasin haka. Girman haruffa ma abin dubawa ne ga wanda ganinsa ya fara rauni, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a ajiye littafi mai daraja ba a karanta ba.

Babu inda wannan bambanci ya fi fitowa fili kamar wajen sayen Alƙur'ani, wanda shi ne littafin da aka fi bayarwa. Makarantun allo na ƙasar nan sun gaji riwayar Warshu, wadda ake rubutawa da salon rubutun Magrib, inda harafin fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, yayin da yawancin Islamiyyu na zamani ke karantar da riwayar Hafsu, wadda aka fi bugawa a Madina da Masar, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma biyu. Wanda ya tashi da ɗaya yakan rikice idan aka ba shi ɗayan, don haka mus'hafi mai kyan bango da aka saya da tsada yana iya zama abin ajiya kawai idan ba a tambayi riwayar da mutum ke karatu da ita ba.

Abin da ya dace da yara

A 2022 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yaran Najeriya ba sa iya karanta rubutu mai sauƙi su fahimce shi a shekarun da ya kamata a ce sun iya. Ma'anar wannan ga mai sayen kyauta ita ce ajin da yaro yake ciki ba ya nuna ƙarfin karatunsa, kuma ɗan aji biyar na firamare yana iya buƙatar littafin da aka rubuta domin ɗan aji biyu. Littafin da ya fi ƙarfin yaro yana koya masa cewa karatu wahala ne, wanda kuwa ya iya gamawa da kansa a cikin kwana biyu na hutun Sallah yana sa shi neman wani.

Ga masu fara haɗa baƙi, tsofaffin littattafan koyon karatu irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu har yanzu suna da amfani, haka ma ƙananan littattafan tatsuniyoyi masu hotuna. Ga wanda karatunsa ya fara tafiya, adabin Hausa yana da taskar da ba ta tsufa ba. Gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Najeriya na farko, kuma ɗan tsohuwar Jihar Bauchi da aka ciri Gombe daga cikinta a 1996.

Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, ya fi kowanne dacewa da gidan da ke da yara da yawa, saboda labaransa gajeru ne, kowanne yana tsaye da kansa, kuma ana iya karanta su a bayyane bayan sallar isha'i ƙanana na saurare. Wannan fa'ida ce babba, domin a gidajen Kwadon littafi ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne, yana zagaya ɗakuna ne har bangonsa ya fita. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo kuwa sun dace da samarin da ke son labarin jarumta da abin mamaki.

Wasu iyaye da malamai na ganin cewa, tun da jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yin mafi yawansu, kamata ya yi kuɗin ya tafi ga littattafan Turanci ko na tambayoyin jarrabawar baya. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuskar buƙata, sai dai littafin jarrabawa kayan makaranta ne da ya wajaba a saya ko da babu Sallah, kuma yaron da ya saba da jin daɗin karatu a harshen da ya fahimta yakan ɗauki wannan sabo zuwa kowane harshe.

Littattafan hikaya da muhawarar tarbiyya

Mata da 'yan mata su ne ƙashin bayan masu karanta ƙagaggun labaran Hausa tun daga shekarun 1980, lokacin da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗinsu suna sayarwa a kasuwa, abin da manazarta suka kira Adabin Kasuwar Kano. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito daga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya a 1980, ya share fage, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu irin su Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne suka shiga kusan kowane gida.

Ra'ayi ya rabu a kan waɗannan littattafai tun fitowarsu. Masu suka na cewa suna cusa wa 'yan mata tunanin soyayya da bijire wa iyaye, kuma wannan ra'ayi ya kai ga ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007. Masu kare su kuma na nuna cewa da yawa daga cikinsu sun yi magana ne a kan auren dole da sakin wulaƙanci da hana mace ilimi, matsalolin da ake gani a zahiri, kuma su ne suka riƙe karatun dubban matan da suka bar makaranta da wuri. Gaskiyar da ke tsakani ita ce littattafan ba ɗaya ba ne, kuma wanda zai bai wa ƙanwarsa ko 'yar ɗan'uwansa ɗaya daga ciki, wajibi ne ya karanta shi tukuna, kamar yadda ba a aika wa surukai abincin da ba a ɗanɗana ba.

Yau mafi yawan sababbin labaran sun koma waya, ana rubuta su kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, ana kuma sauraren su da murya a YouTube, abin da ya rage cinikin bugaggun littattafai ƙwarai. Wannan sauyi ya ƙara wa littafin takarda daraja a matsayin kyauta, domin ba ya buƙatar caji ko kuɗin data, kuma iyaye na iya ganin abin da ke cikinsa. Gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin gajerun labaran mata, ta nuna cewa masu rubutu da masu karatu ba su ƙare ba, wurin haɗuwarsu ne ya sauya.

Littafin addini da haɗarin gugar zana

Littafin addini shi ne wanda ba a cika ƙin karɓa ba, amma shi ne kuma ya fi buƙatar sanin matsayin mai karɓa. Karatun fiƙihun Malikiyya a zaure yana da tsani da aka sani, daga Ƙawa'idi zuwa Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, kafin a kai ga Askari da Muhtasar, kuma kyauta mafi amfani ga ɗalibi ita ce littafin da ke gaba da wanda yake karantawa yanzu. Arba'una Hadisi da Riyadus Salihina na Imam Nawawi, da littafin addu'o'i na Hisnul Muslim, suna da fassarar Hausa kuma sun dace da gidaje da yawa.

Inda ake samun matsala shi ne wajen bambancin fahimta. Gombe, kamar sauran garuruwan Arewa, tana da mabiya ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya, da mabiya ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, kuma a cikin zuriya ɗaya ana samun kowane ɓangare. Ko fassarar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa akwai ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, akwai ta Shaikh Nasiru Kabara, kowacce da masu riƙo da ita. Wanda ya zaɓi ranar Sallah domin miƙa wa baffansa littafin da ke rushe abin da baffan ya yi imani da shi, muhawara ya buɗe a ranar da aka keɓe domin sada zumunci, kuma da wuya littafin ya samu mai buɗe shi.

Wannan haɗari bai tsaya ga aƙida ba. Littafin ladubban zaman aure da aka bai wa matar da ake raɗe-raɗin tana da matsala da mijinta, ko littafin illar shaye-shaye da aka bai wa saurayi a gaban 'yan'uwansa, gugar zana ce, wato faɗa wa mutum laifinsa a kaikaice, kuma haka za a fahimce ta komai kyan niyyar mai bayarwa. Nasiha tana da lokacinta da sirrinta. Kyautar biki kuwa kamata ya yi ta nuna cewa an san abin da mutum yake so, kamar a nemo wa mai son tarihi Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ko a nemo wa mai son waƙa Imfiraji na Aliyu Namangi ko Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu, malamin Hausa kuma a nemo masa Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006.

Lokacin Kirsimeti

Jihar Gombe tana da Kiristoci masu yawa, musamman a ƙasar Tangale da Waja, a garuruwa irin su Billiri da Kaltungo, da kuma cikin birnin Gombe da kewayensa, kuma da yawa daga cikin majami'unsu da Hausa suke ibada. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, an kuma sabunta fassararsa daga baya, don haka mai saye ya kamata ya san fassarar da ake karantawa a majami'ar wanda zai bai wa, kamar yadda Musulmi ke tambayar riwaya. Hutun Kirsimeti ya fi na Sallah tsawo ga 'yan makaranta, abin da ke ba da damar littafi mai kauri. Tsakanin maƙwabta masu bambancin addini, waɗanda suka saba musayar abincin biki, littafin labari ko na tarihi ko ƙamus ya fi kiyaye mutuncin juna.

Inda ake samu

Mai neman littafi a Kwadon yawanci sai ya shiga birnin Gombe, inda shagunan da ke kasuwa da kusa da manyan makarantu suka fi ƙarfi a littattafan manhaja da na addini, domin su ne ke da tabbacin ciniki. Littattafan Larabci da na ajami galibi daga Kasuwar Kurmi ta Kano suke zuwa, na Hausar boko daga Kano da Zariya, na Turanci kuma daga Legas da Ibadan da Onica.

Bugun sata, wato littafin da aka kwafa aka buga ba da izinin marubuci ko kamfaninsa ba, ya cika kasuwa saboda arharsa, kuma ana gane shi ta dusashewar tawada, da siririyar takardar da rubutun bayanta ke bayyana, da shafukan da suka ɓace ko suka maimaitu. Dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023 ta ƙara tsananta hukunci a kansa, amma mai saye ne ke iya duba shafukan ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya, musamman a mus'hafi da littattafan addu'a inda ɓacewar layi guda ke sauya karatu.

Tsofaffin littattafan adabi kuwa ba kullum ake samun su a kan kanta ba, kuma mai shago yakan buƙaci kwanaki kafin ya sa a aiko masa da su daga Kano ko Zariya. Tun da motocin haya da 'yan kasuwa na shiga cunkoson kayan Sallah daga tsakiyar azumi, wanda ya yi niyyar bayar da Magana Jari Ce ko Shaihu Umar ranar Idi yana buƙatar ya ba da saƙonsa tun cikin watan Sha'aban ko makon farko na Ramadan, na Babbar Sallah kuma tun kafin watan Zulhajji ya kama.